Baba Ba Ya Ba Da Tarihi A Zaune

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Kula da Al'adu da Wuraren Tarihi na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni ce Malama Hassu, mai koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara, ɗiyar Malam Sule Jagora. Sau uku ina kai takarda ofishinka, shiru kake ji. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Wataƙila ba ka san Baba ba. Shi ne mai zagayawa da baƙi a tsohon garinmu na bakin gulbi, can bayan Tafoki, tun ban zo duniya ba. 'Yan makaranta daga Faskari da Sabuwa, har da masu bincike daga nesa, duk shi ke shige masu gaba. Daga Ƙofar Gulbi yake farawa, ya tuɓe takalmi, ya gangara mashigin da fatake ke tsallakawa da jakai, ya hau Unguwar Marina yana nuna ramukan rini da sunan mai kowane, ya ratsa Maƙera, ya ƙare a gindin tsamiyar masallaci. Haka mahaifinsa ya koya mashi, a tafe, ana dafa bango ana faɗa. Ko layi ɗaya ba a taɓa rubutawa ba.

Na biyu. 'Yan bindiga sun tashe mu, ka fi ni sanin wannan. Garin ya zama kufai, Baba yana wurina a ɗaki guda, idonsa na hagu ya riga ya tafi.

Na uku, kuma nan ne abin ya ci mani rai. Tun kafin takardun nan, da na matsa a zo a ɗauki tarihin da ke kan Baba, an turo ma'aikata biyu daga ofishinka. Suka zaunar da shi a kujerar roba, suka kafa mashi waya a baki, wai ya ba da tarihi daga farko har ƙarshe kafin azahar. Na ce masu Baba ba ya ba da tarihi a zaune, sai ya taka wurin maganar ke zo mashi. Suka yi dariya. Ya fara, ya haɗa labarin Marina da na Maƙera, ya koma baya, ya yi ta lalube da hannu yana neman bangon da zai dafa. Daga ƙarshe sai ga hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin hawayen ubana ba sai ranar. Su kuwa suka rubuta a rahotonsu cewa tsohon ya ruɗe, ba abin da za a samu. Haba, ranka ya daɗe! Mutumin da har yau yake lissafo kakannin duk wanda ya shigo gaishe shi?

Abin da na yi ta roƙo bai taka kara ya karya ba: mota ɗaya, jami'an tsaro, wuni guda, a kai shi tsohon garin kafin ruwa ya sauka. In gulbi ya kawo ba a tsallakawa, kuma kowace damina sai ta ci wani bango. An ce mani na Maƙera ya riga ya zube. Ni zan riƙe wayar, ni zan rubuta.

Amma na san amsar. Za a ce hanya ba ta da kyau, a ce a jira abubuwa su lafa, kuma ban isa in ce ƙarya ne ba. Baba dai ba shi da lokacin jira. Kullum da hantsi sai ya sa hula, ya jawo sanda, ya tambaye ni ko motar ta iso. Na gaji da ce mashi gobe, wallahi na gaji.

Saboda haka na rage roƙona. In ba za a kai shi ba, a taimaka a ciro rahoton nan a goge inda aka ce ya ruɗe. Shi ne kaɗai abin da hukuma ta taɓa rubutawa a kan ubana, kada ya zama shi zai rage bayansa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka, ya bar ka a garinku har tsufa.

Wassalam.
Malama Hassu, Ƙanƙara.