Hotunan da Na Shanya a Rana

Haɗeja, 9 ga Satumba, 1998

Aminiyata 'Yar'azumi,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ina fata maigidanki Malam Isa yana lafiya da aikin asibiti.

Kin san aikin da aka yi wa maigidana a ƙasar waje bara, da babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura aka sa mata bututu. Sun haɗo shi da hotunan cikin nasa, suka ce duk wata shida a ɗauki sabo a gwada da tsofaffin, don jini kan silale ta gefen bututun mutum bai ji komai ba. Na ɓoye su a ƙasan akwati.

To, kogi ya shigo mana gida, suka jiƙe suka manne da juna. Ni da wayona na ɓamɓare su ɗaya-ɗaya, na shanya a tabarma tare da shinkafa. Kafin la'asar sun nannaɗe, ba a ganin komai. Hankalina a tashe yake.

Taki,
Aisa

20 ga Oktoba

'Yar'azumi,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mun je Kano. Sun duba shi da na'urar da ake duba masu ciki, har yana tsokanata wai wata nawa ne. Sannan suka yi masa allurar rini, suka tura shi cikin babbar na'ura. Yoyo bai fito fili ba. Likita ya nemi tsofaffin hotuna ya ga ko kumburin ya ƙaru. Maigidana ko kallona bai yi ba, ya ce shi ya lalata su. An ce mu dawo bayan wata uku a gwada da na yanzu.

Aisa

14 ga Janairu, 1999

'Yar'azumi,

Na gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. A gonar alkama ya faɗi, yana ban ruwa. A lokacin saura kwana goma sha ɗaya mu koma Kano.

Kowa na ce min kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma na kasa haɗiye abinci. Don Allah ki tambayar min Malam Isa, tunda aikinsa ne: da an ajiye tsohon hoton kusa da sabon, da an gani? Kada ki tausaya min. Yadda ya faɗa, haka za ki rubuto.

Ki gaida Inna.

Taki har kullum,
Aisa