A Ajiye Tiyon Ruwa Kafin Mijina Ya Tashi Sama

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar 'Yan Arewa Masu Haɗa Ƙananan Jirage, Al Quoz, Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Injiniya, ka yi mini afuwa da na ɗora maka wannan nauyi, kuma a zauren ƙungiya inda kowa zai karanta. Ba halina ba ne. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Hajiya da yara, da fatan zafin nan yana zuwa muku da sauƙi.

Sunana Asma'u, matar Malam Sabi'u bakanike, mai farin jirgin nan na kujera biyu da ke ƙarshen sitonku. Shi zai fara tashi da shi ranar Asabar ta sama, kuma a dokar ƙungiyarku ba a fitar da jirgi fili sai da amincewarka. Na ji ka amince. Abin da ya sa na rubuto ke nan.

Ban yi boko mai nisa ba, karatun allo na yi. Amma an koya mana cewa wanda ya ga abu da idonsa, kuma rai yana ciki, ba ya da izinin yin shiru. An kuma koya mana kada mu ƙara ko kalma a kan abin da muka gani. Zan yi ƙoƙari in tsaya a tsakanin biyun.

Na ɗaya. Abin da na sani game da injin nan a falona na koye shi, ina zuba wa mutanenku shayi shekara da shekaru. Injin mota ne, irin wanda kuke kira rotari, ba shi da fistan, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Malam da bakinsa ya faɗa mini cewa ruwan lagireto ba ya kaiwa cikin wannan ƙarfen, baƙin mai ne yake shiga ya kwaso zafinsa. In man ya wuce kima da zafi, robobin ciki su saki, injin ya mutu. Na tambaye shi ko yana ba da alama kafin ya mutu. Ya ce wani lokaci.

Na biyu. Na ji musun da aka daɗe ana yi a kan yadda za a sanyaya man. Wasu sun ce a sa babban abin sanyaya mai a ƙarƙashin cikin jirgin, a buɗe masa baki iska ta riƙa shiga, aka ce zai rage gudu. Wasu sun ce a bi da man ta jikin ruwan lagireto, aka ce lagireton ma da kyar yake ɗaukar nasa zafin a garin nan. Malam Bitrus, abokin aikin mijina, ya ce a sa ƙanana biyu, hagu da dama, aka yi masa dariya wai zai mayar da jirgi mai kunnuwa. Daga ƙarshe aka sa ƙarami guda ɗaya da aka ciro daga wata mota a Sharjah, saboda ba shi da nauyi kuma ya shige hancin jirgin ba tare da an ɓata masa kyau ba. Ban san wanne ya fi ba. Ba zan yi ƙaryar sani ba.

Na uku, kuma nan ne maganar take. Ranar Juma'ar da ka zo duba jirgin, na kai musu abinci bayan an sauko daga masallaci. An ɗaure jelar jirgin a ƙofar sito, injin yana ruri, farfela tana tayar da yashi. Kana tsaye ta hagu kana duban allurar zafi. Ta dama kuma Malam Bitrus yana tsugune da tiyo yana fesa wa abin sanyaya man ruwa. Allura ba ta taɓa jan layi ba, kowa ya yi hamdala, aka ci abinci.

Wallahi ban ce an yi haka don a rufe maka ido ba. Babu wanda ya ɓoye tiyon, ina jin kai ma ka tsallake shi da ka zo wucewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, cewa babu wanda ya ga wani abu a ciki. Dukanmu a kan hanyar Kano zuwa Zariya muka girma. Mota ta yi zafi, direba ya gangara gefen titi, a buɗe gaba, a sayi ruwan leda a kwarara mata, fasinja su yi alwala da ragowar, a ci gaba da tafiya. Hannun mutanenmu ya saba, da sun ji ƙarfe ya ɗau zafi sai ya kai ga ruwa tun kafin tunani ya iso. To ranka ya daɗe, a sama ina gefen titin? Wa zai tsuguna masa da tiyo?

Na yi wa Malam wannan tambaya a gida, cikin ladabi. Ya ce a ƙasa ne kawai man ke zafi don jirgin a tsaye yake, in ya tashi iska za ta wadata. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Sai dai shi ne dai ya taɓa gaya wa baƙinsa, ina ji, cewa babu lokacin da injin yake shan wuya kamar sa'ad da jirgi ke hawa, wuta a buɗe gaba ɗaya, gudu kuma bai kankama ba. Da na tuna masa sai ya ce in bar maganar, mata ba sa rabuwa da tsoro. Haka ne, ina jin tsoro. Amma tiyon ba tsorona ne ya shimfiɗa shi ba.

Na huɗu. Ban fara da kawo maganar zaure ba. Na aika ta bakin Hajiyarka, ta ce ta isar. Na shiga jirgin ƙasa na je shagonka na Naif, na zauna a kan dilar atamfa har la'asar ta yi, aka ce kana wajen kago, inda ake jigilar kaya. Sakatarenku ya saurare ni yana duban waya, ya ce, a gafarce ni, kalas, wato shi ke nan, injiniyoyi sun gama magana, in je in yi ta addu'a. Ina yi. Ban taɓa ganin addu'a ta hana a duba abu sau biyu ba.

Na gaji, Injiniya. Jirgin nan ya cinye mana Juma'o'i da hutun Sallah masu yawa, ban taɓa cewa uffan ba, don na ga yadda fuskar Malam take haske in ya dawo daga Al Quoz hannu duk baƙin mai. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane. Ba na so in zama wadda ta hana shi sama. Ina so ne ya sauko.

Roƙona kaɗan ne. A sake tayar da injin a gabanka, da tsakar rana irin ta watan nan, ba da sanyin safiya ba, babu ruwa a kusa, a bar shi ya yi aiki gwargwadon abin da zai yi yana hawa. In allura ta tsaya inda ya kamata, zan ba kowa haƙuri a wannan zaure da sunana. In ta haura, ka janye amincewarka har a canza abin sanyaya man, kowanne kuka zaɓa. Kuma ina roƙo kada a ga laifin Malam Bitrus, abin da aka sa shi ya yi.

Na karanta wa Malam wasiƙar nan kafin in aiko, don ba zan yi abu a bayan idonsa ba. Bai ce in aika ba, bai ce kada in aika ba. Ya ɗauki hularsa ya fita. Da ya dawo sai ya ce in sa shi a addu'a ranar Asabar. Na ce to. Amma gaskiya ban san abin da zan roƙa ba, injin ya tashi, ko ya ƙi tashi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da amanar da ke wuyanka lafiya, ya tsare duk wanda ya hau abin da kuka haɗa da hannunku. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin Alhamis in da hali, ko da layi ɗaya ne.

Wassalam.

Asma'u, matar Malam Sabi'u,
Al Buteen, Deira.