Kujerarki a Taron Masu Hannun Jari

Zuwa ga Saratu, Maman Rahila,

Gaisuwa mai yawa daga gidanki na Kamazou. Na san babu mai kai miki wannan takarda, idonki ba zai sauka a kanta ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar Alhamis. Ba zan iya gaya wa Fasto ba. Ke kaɗai kika san ni ciki da waje.

Gida lafiya. Rahila ta gama bautar ƙasa, tana neman aiki. Gwandar da kika dasa a bayan kicin ta yi 'ya'ya, tsuntsaye ke cin rabi. Shagona na walda da ke Nasarawa yana nan yadda kika bar shi, in an kawo wuta mu yi aiki, in an ɗauke mu yi hira.

Kin tuna kamfanin nan naki? Na matasan da suka yi manhajar waya don manoman citta su ga farashin kasuwa kafin dillali ya iso gonarsu. Da masaƙar da kike aiki ta rufe aka ba ku ɗan abin sallama, kika ce za ki sayi hannun jari a wurinsu. Me na ce miki? A gaban baƙi na faɗa, ranar sunan jikan yayarki. Na ce matata ta sayi iska. Na ce ni Ishaku daga ɗaukar ƙarfe a ka na fara har na gina gida, ban taɓa zuba gumina a abin da ba zan ƙwanƙwasa in ji ƙararsa ba. Aka yi dariya. Kika tashi kika shiga kicin, ba ki ƙara ɗaga mini maganar ba har kika bar duniya.

Bayan rasuwarki aka mayar da hannun jarin da sunana, sai ga takardar gayyata zuwa babban taronsu na shekara. Akwai wani Alhaji da ya ce zai saya, muka yi alkawarin haɗuwa a can in sa masa hannu. Niyyata in sayar, in saya wa shago babban janareta.

Ki ji abin da mijinki ya yi ranar Alhamis, ranar taron. Na ɗauka taron irin lancin ɗinmu na coci ne. Na sa babbar rigata ta Kirsimeti, na saka ambulan a aljihu ko za a kira ni in yi gudummawa. Ina shiga na miƙe zuwa babban teburi na ja kujera. Wata ma'aikaciyarsu ta zo ta rusuna, ta ce Baba nan wurin daraktoci ne. Mutane suna kallo. Ta tambayi sunana, ta duba takardarta, sai na ga fuskarta ta sake. Ta kai ni layi na uku, kujerar bakin hanya, ta ce nan Mama take zama kowace shekara saboda gwiwarta.

Kowace shekara, Saratu? Ashe ranakun da kike cewa za ki taron zumuntar mata a Mahuta, ki ɗauki jakarki da tabarau, nan kike zuwa? Ban yi fushi ba. Wa ya sa mace irinki, da ba ta iya ɓoye ko canjin cefane, ta yi ƙarya? Ni ne.

Bari in ba ki labarin taron, tunda na san shi za ki fara tambaya. Shugabar kamfanin ba ta girmi Rahila da yawa ba. Rabin Turancinta ya wuce ni. Amma na ji abin da na ji. Ta ce sabis yana wahalar da su a ƙauyuka. Ta ce manyan kamfanonin Legas sun fara shigowa harkar, kuma ƙwararrun ma'aikatansu suna ta ficewa ƙasar waje. Ta ce shekarar da cuta ta cinye citta ta kusa durƙusar da su. Yanzu suna so su shiga Filato da Binuwai, wurin masu dankali da doya. Ni dai a sana'ata, wanda ya nuna maka inda waldarsa ba ta kama sosai ba, shi za ka ba aiki. Wani tsoho ɗan fansho ya tashi ya yi musu faɗa a kan albashin daraktoci, suka saurare shi har ya gama. Ban taɓa ganin taron da na ƙasa ke tuhumar na babban teburi ba.

Sai ciyaman, shugaban daraktoci, ya ce a tashi a yi shiru don tunawa da ke. Ya ce ke ce kika tsaya shekarun baya kika ce matan ƙauye ba sa karatu, a sa wayar ta riƙa faɗin farashi da baki, da Hausa. Ya ce wannan shawara ce ke riƙe da kamfanin a yau. Ya ƙara da cewa kullum kina gaya musu a wurin mijinki kika koyi kasuwanci, mutumin da ba ya barin get ya fita shagonsa sai ya jijjiga shi da hannunsa. Ya ce in tashi a gan ni. Aka tafa. Aka miƙo mini makirfo.

Nan ne wurin da nake jin kunyar rubutawa. Na gyara riga, na ce tun farko ni na ƙarfafa ki. Na ce ni na hango abin. Aka ƙara tafi, ni kuma na ɗaga hannu kamar ɗan siyasa. Da ranki na yi miki dariya, da kika mutu na sace yabonki. Me ya hana ni cewa na gode in zauna?

Da aka zo ɗaga hannu, ko a raba riba ko a bar ta don aikin Filato da Binuwai, hannuna ya ƙi tashi a kowane ɓangare. Da wane sani zan ɗaga? Littattafan rahoton da suke aiko miki, ni nake kwashe su in kai shago, muna shimfiɗawa a ƙasa in za mu yi fenti. Kin sani, ba ki taɓa cewa komai ba. Ana tashi na bi ta ƙofar baya, na bar Alhaji yana jirana da takardarsa.

Da na iso gida na buɗe akwatinki. Rahoto ɗaya ya tsira, na bara. Duk gefen shafukan rubutunki ne da fensir, tambayoyin da kika tanada. A wurin da suka ce za su kafa rumfunan ƙarfe masu sola a kasuwannin ƙauye, kin ja layi, kin rubuta cewa Baban Rahila zai iya wannan aiki fiye da kowa, sai an sami ranar da za a iya gaya masa. Shekara talatin da wani abu muna kwana ɗaki ɗaya, kina neman ranar da za ki iya yi mini magana.

Na kira Alhaji na ce ya yi haƙuri, na fasa. Janareta ya jira. Ban san ko kamfanin zai kai labari ba, su ma ba su yi mana alkawari ba. Amma ba zan sayar ba.

Jiya bayan coci na roƙi Rahila ta zauna ta karanta mini rahoton bana, ta fassara mini. Na gaya mata abin da na faɗa a makirfo. Tana nan ranar sunan, ta ji dariyar da kunnenta. Ta tashi ta ɗauko fensirinki ta ajiye a gabana.

Baɗi, in Ubangiji ya bar ni da rai, zan sa riga ta yau da kullum, in zauna a layi na uku. In lokacin tambayoyi ya zo zan nemi makirfo. Zan ce musu bara na yi ƙarya, zan gaya musu maganar iska da bakina. Sannan in karanta musu tambayoyinki ɗaya bayan ɗaya.

Ki huta lafiya, Saratu. Ki yafe mini in ana yafewa daga can.

Ni ne mijinki,
Ishaku mai walda, wanda bai saurare ki ba.