Baba Ya Ce Ka Turo Manyanka

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata,

Masoyina, sauke nauyin nan da ka ɗauka shekara uku, ni ma na sauke nawa! Baba ya yarda!

Ka tuna ranar da keken ɗinkina, na bakwai a layi, ya tsaya a masana'antar takalma, zare ya cukurkuɗe, takalma suka taru a gabana, mai duba aiki yana ta hararata? Ka zo da akwatin kayan gyaranka, ka durƙusa, ka ce mini "sannu" da karyayyen harshen da ya sa 'yan layinmu suka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Idanunka nake kallo, masu natsuwa kamar tafki da asuba. Ba don masana'antar nan ba, a ina zan gan ka? Unguwarku tana hayin titin jirgi, tamu tana nan. Kasuwarku daban, makarantarku daban. Tun muna yara jirgi ɗaya ke tashinmu daga barci, amma ba mu taɓa haɗa ido ba.

Me ba a faɗa mana ba, farin watana? Wai ba a san asalinka ba. Wai da wane yare 'ya'yanmu za su gai da kakanninsu? Kai ma naka suka ce ko mata sun ƙare ne a cikinku. Ka dage da koyon yarenmu, har ka yi wa Baba gaisuwar yamma da sassafe! Ya kau da kai, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Jiya bayan la'asar dangi suka taru a falo a kan maganarmu. Ina bayan ƙofa, na kasa kunne. Baffa ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Sai Gwaggo, yayar Baba, ta yi gyaran murya. Gwaggo fa, wadda ba ta taɓa amsa gaisuwarka ba! Na ce shi ke nan, tamu ta ƙare.

Ta ce, "Ƙanena, ka tuna direban nan da ya nemi aurena, mahaifinmu ya kore shi don ba namu ba ne? Shekara arba'in ke nan. Na yi aure a cikin dangi, na yi biyayya, amma har yau in mota ta tsaya a ƙofar gida sai na ɗaga labule. Ban ƙi yaron nan don ya yi laifi ba, tuna mini da shi yake yi. Kada ka bar 'yarka ta tsufa tana leƙen taga."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya kira ni.

"Uwata, kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"To, ya turo manyansa ranar Asabar."

Wayyo, rabin raina! Ka taɓa ganin tsuntsun da aka buɗe wa keji ya tsaya yana kallon ƙofa, ya kasa tashi? Haka na tsaya, sai da Inna ta ja ni ɗaki, muka yi kuka, muka yi dariya, na ci abinci har na nemi ƙari.

Ban ce hanya ta gama sharuwa ba. Baffa ya fita ko sallama babu, mahaifiyarka kuma har yanzu ba ta ce a kawo ni ta gan ni ba. Amma yau ba na jin tsoron kowa. Zan je mata da ƙafata, in durƙusa, in ta kore ni in dawo gobe.

Ka zo, tauraron asubata. Duk gefen garin da ka samo mana ɗaki, nan ne gidana.

Taka, wadda ba za ta sauya ba har gashinta ya yi fari a kafaɗarka,

'Yar keke na bakwai