Mama, Bangon Ɗakinmu Na Gyadi-Gyadi Ya Faɗi

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, cikin sunan Ubangijin da kike hutawa a wurinsa. Ni ce Rifkatu, 'yarki ta fari. Na san babu mai kai miki wannan wasiƙa. Amma tun wata Lahadi cikin watan jiya nake ɗauke da magana a ƙirjina, na gaya wa fasto, na gaya wa abokan aikina a makaranta, ta ƙi sauka. Ke kika san gidan nan ciki da bai, don haka ke zan gaya wa.

Mama, bangon ɗakinmu na Gyadi-Gyadi ya faɗi. Wanda yake jikin gado. Da rana tsaka ya faɗi, kuma da mutum a ciki.

Bari in koma baya, don lafiya ƙalau kika bar mu, ba ki san abin da ya biyo ba.

Bayan mun kai ki Zonkwa mun dawo, ba a rufa shekara ba surukinki Bulus ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma ɗaiɗai. Mutumin da in ya fara hira a tsakar gida sai kin kore shi kafin ki samu ki huta, yanzu sai ya yi gumi kafin ya kira sunana. Da aka sallamo shi muka kwantar da shi a gadon nan na jikin bango, saboda nan iskar taga take kaiwa. A nan yake wuni. Ni in tafi koyarwa, Alheri da Yohanna su tafi makaranta, sai Inna Kande ta riƙa leƙa shi.

Ai ba ki manta da ƙawarki ba, Inna Kande mai waina ta ɗakin bakin zaure. Ita ta aiko miki da waina da miyar taushe ran Sallah, ke ki sa Malam na masallacin layi ya yanka kazar Kirsimeti don ta samu ta ci. Da kika tafi, ba wanda ya roƙe ta, ta ɗauki wurinki. Ita take ba Bulus kunu a cokali, in ya kau da kai ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi.

Muna cikin wannan hali mai gidan da muke haya ya rasu. Magada suka taru suka sayar da gidan, aka ce kowa ya tashi kafin damina ta kankama.

Ranar da aka gaya mana, a bayan ɗaki na zauna na yi kuka don kada Bulus ya gani. A gidan nan na yi goyon 'ya'yana duka biyu, a gidan nan na rufe miki ido. Na tuna abin da kike faɗa in abu ya cushe: "Ubangiji ba ya makara, mu ne masu gaggawa." Ba zan ɓoye miki ba, ran nan maganar ba ta shige ni ba. Na tambayi Ubangiji, shi da ya yi alkawarin ba zai yashe mu ba, ina yake sa'ad da ake korar majinyaci daga kan gadonsa?

Na yi yawon neman gida har takalmina ya tsinke. Na Hotoro ya yi wa makarantarmu nisa. Na Daurawa a saman bene yake, wa zai riƙa hawa da Bulus? Wani mai gida a Darmanawa mun gama magana da shi sarai, da ya ji akwai marar lafiya sai ya ce shi ba ya son a zo a mutu masa a gida. A gabana ya faɗa, ko ido bai kawar ba. Na fito na tsaya a bakin titi, na rasa inda na nufa.

Malam Sani, mai koyar da lissafi a makarantarmu, shi ya lura na rame. Da na ba shi labari ya kai ni wurin yayansa, mai wani ƙaramin gida a Tarauni, na ƙasa, ɗaki biyu da ɗan wurin ajiyar kaya. Yayan bai yi mini wata doguwar tambaya ba. Abin da ya duba kawai, ko keken majinyaci zai wuce ta ƙofar.

Ranar tashi, akori-kura ta kwashe kaya, 'yan'uwa daga ikkilisiya suka ɗauko Bulus a kan kujera. Da suka zo bakin ƙofar ɗaki sai ya kama jikin ƙofar da hannunsa mai lafiya, ya ƙi saki. Maza suka tsaya, ba wanda ya iya jan sa. Inna Kande ce ta zo ta riƙa ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Saki, ɗan nan. Ƙasar Allah da faɗi take."

Ita ba ta tashi ba. Ɗanta ɗaya yana Legas, ya daɗe bai waiwayo ta ba, sai waɗanda suka sayi gidan suka ce ta zauna har ruwa ya ɗauke. Ɗakinta yana yoyo. Ni da hannuna na ba ta makullin namu, na ce ta koma can, ya fi nata kyau.

Ran Lahadin da nake gaya miki, tun safe ake ruwa bai tsagaita ba. Mun dawo daga sujada, ina zuba wa yara abinci, sai ga wayar Maman Sadiya, maƙwabciyarmu ta bayan katanga. Ban gane rabin abin da take faɗa ba saboda kuka. Sunan Inna Kande kawai na ji, da bango.

Mai adaidaita sahu ya ce ba zai shiga layin ba, ruwa ya kai gwiwa. Da ƙafa na ƙarasa, takalmi a hannu. Na shiga zaure, na ɗaga kai, sai na ga sararin sama a inda rufin ɗakinmu yake. Mazan unguwa suna tonon ƙasa, wasu da shebur, wasu da hannu. Ashe bangon nan na ƙasa ne, shafen siminti kawai aka yi masa a sama. Duk shekarun nan muna jingina da shi, muna kwantar da jarirai a gindinsa, ba mu sani ba.

Da ranta aka ciro ta. Ta tashi ne daga kan katifa za ta tara roba a inda ruwa yake ɗiga, bangon ya sauko a bayanta, ya danne mata ƙafa. Jikinta duk jar ƙasa, ɗankwali ya tafi, bakinta yana ambaton Allah.

Bayan an wuce da ita asibiti na tsaya ina kallon inda gadon Bulus yake da. Ƙasar da ta taru a wurin ta wuce ƙuguna. Mama, Bulus ko juyi ba ya iya yi sai an juya shi. Kuma a daidai wannan lokaci na ranar Lahadi, kan gadon nan Alheri da Yohanna suke hawa su zauna kusa da babansu. Na zauna a cikin taɓo da kayan sujadata.

Har yau in na rufe ido tarin ƙasar nan nake gani.

A ikkilisiya an ce in tashi in ba da shaida. Na kasa. Na sani sarai da ba a kore mu ba, da yanzu wata wasiƙar nake rubuta miki, ko kuma ba mai rubutawa. Amma da wane baki zan tsaya in yi murna an fitar da mijina, alhali tsohuwar da ta shayar da shi kunu ita ƙasar ta danne, kuma ni na ba ta makulli?

Haka na gaya mata a gadon asibiti, ina kuka. Ta harare ni irin hararar da take yi wa mai taɓa waina kafin ya saya, ta tambaye ni ko ni na saukar da ruwan. Sannan ta ce, "Wanda ya fitar da mijinki ta ƙofa, shi ya fitar da ni ta ƙarƙashin ƙasa. Kowa da hanyarsa."

Ban ce na gane komai ba, Mama. Ban san dalilin da ya sa sai da ƙafarta ta karye ba. Abin da na sani, duk watannin da nake zaton an juya mini baya, ana janye mu ne daga gindin bango.

Da aka sallame ta, ba ta da inda za ta. Na kwashe kayan da ke ɗan ɗakin ajiya, Alheri ta wanke shi, muka shimfiɗa katifa. Ta yi ta gardama wai za ta zame mana nauyi, na ce ta bari sai ta iya tafiya sannan ta gudu.

Ranar da ta iso, da azahar ta yi, ta nemi buta, ta tambayi ina ne gabas a gidan nan. Ni da yara muka hau kallon juna. Bulus na zaune a kekensa a bakin ƙofa. Ya ɗaga hannun hagu a hankali ya nuna wajen bishiyar darbejiyar maƙwabta, ya yi ta fama da bakinsa har kalma ta fito: "Can, Inna." Ta juya a zaune, ƙafa a miƙe cikin filasta, ta ta da salla. Mu kuma muka yi shiru har ta idar.

Ya Ubangiji, ka ba mahaifiyata hutu a gabanka. Ka ɗora ƙashin Inna Kande, ka karkato da zuciyar ɗanta gare ta. Ka kwance harshen Bulus. Ka tsare duk wanda yake kwana a gindin bangon da bai san cikinsa ba, a Gyadi-Gyadi da ko'ina, har damina ta wuce. Ni kuma ka riƙe ni a ranar da ban gane aikinka ba. Amin.

Ki huta lafiya, Mama. Ƙawarki tana hannuna.

'Yarki,
Rifkatu
Tarauni, Kano