Burushi Mai Karkataccen Baki

Laraba da dare, saura kwana huɗu Sallah

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina son Auwalu mai fenti tun ranar da Baba ya ɗauko shi daga Funtua ya yi mana fentin gida.

Ni ke kai masa ruwa. Rannan ya nuna mani burushi biyu, ya ce, "Ƙanwata, mai miƙaƙƙen baki na bango ne, a shafa a wuce. Mai karkataccen bakin nan kuwa na gefen taga ne, inda ake son aiki ya fita." Na kwana ina juya maganar, kamar a littafi.

Yau da la'asar ya miƙo mani takarda a ninke. Na karɓa da sauri, na ɗauka tawa ce. Sai ya ce, "Don Allah ki ba Yaya Hauwa, kada Mama ta gani."

Na fita na duba tagogin. Ta ɗakin Yaya layinta ya fita tsaf, ko ɗigo babu. Ta ɗakinmu kuwa da miƙaƙƙen ya shafe ta, fenti ya zubo har kan gilashi. Kwana uku abin na gabana, ni ina can ina zaɓar wa 'ya'yanmu suna. Ashe 'yar aike yake nema.

Takardar na ƙarƙashin filona. Wallahi na so in jefa ta murhu, amma Yaya ba ta yi mani komai ba. Gilashin zan kankare da reza. Takardar kuwa, da asuba zan ba ta abinta.