Ranar da Dusar Ƙanƙara ta Sauka a Gonar Baba

Tehran

Zuwa ga ƙanena Eskandar,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Baba da iyalinka. Ni dai ba lafiya nake ba, raina a ɓace yake.

Maƙwabciyarku Kobra ta kira ni. Ta ce ranar da dusar ƙanƙara ta sauko muku a Tonekabon, kowane mai gonar lemu ya fita da gora yana kakkaɓe rassa don kada nauyi ya karya su. Kai kuwa, wai an gan ka a bakin teku da Baba a kan kujera, kana jifan 'ya'yanka da dunƙulen ƙanƙara kamar ƙaramin yaro. Gemai-gemai da kai! Rabin bishiyoyin sun tsage, ga Baba kwance da tari. Wannan shi ne riƙon da ka ce za ka yi masa?

Ka amsa mini, kuma ban da kwana-kwana.

Yayarka da kai ka raina,
Golbahar

Tonekabon

Yaya Golbahar,

Na amsa gaisuwa. Ki gaida mini da Kobra ma, tunda ta fi mu kusa da ke.

Na ɗauki gora na fita, wallahi na ɗauka. Baba ne ya tare ƙofa da sandarsa, ya ce in ajiye. Na ce masa rassa za su karye, ya ce, "Lemu kullum ina ganinsa. Ƙanƙara a kan teku kuwa rabona da ita tun uwarku na amarya. Ka kai ni ko in tafi da rarrafe." Ke da kika san shi, me za ki yi?

Mun je. Ya sa aka ɗebo masa mai tsabta a kwano, ya zuba maɗin inabi ya sha, yana dariya har da hawaye. Tun rasuwar Mama ban ji dariyarsa ba. Ke kuna can ƙanƙara ta zame muku ƙazantar titi, sai ki zauna ɗaki mai ɗumi kina auna mini riƙo. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Tarin yana sauƙi. Ki huta lafiya.

Eskandar

Tehran

Eskandar,

Gaisuwa. Tsoho ya ce a kai shi cikin sanyi, sai ka kai shi? Ina zuwa ranar Juma'a. Ka haɗa masa kayansa da magungunansa, zai dawo wurina da zama. Na gama magana.

Golbahar

Tonekabon

'Yata Golbahar,

Allah ya yi miki albarka. Matar ƙanenki ke rubutawa, ni nake faɗa.

Wa ya ce miki na zama buhun shinkafa da za a haɗa a ɗora a mota? Gonata ce, ƙirjina ne, ni na ba da umarni. Cikin bishiyoyin da suka tsage har da wadda na dasa ranar da aka haife ki. Jiya na sa an ɗaure ta da igiya, na shafe raunin da laka da hannuna. Sai bazara za a san ko za ta rayu, kuma ina nan zan jira in gani.

Ki zo, ina kewarki. Amma in ɗaukata za ki zo yi, ki yi zamanki.

Mahaifinki,
Gorban